Inna Ta Ce Da Sauƙi

Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta kama sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙannena, "Ku kira min wancan." In na durƙusa na gaishe ta, amsar ba ta wuce kalma biyu, idonta kuma yana kan abin da take yi. Duk wanda ya tashi a ƙasar Sakkwato ya san wannan kunyar, ya kuma san ba rashin ƙauna ba ce. Abin da ban taɓa kawowa a raina ba shi ne wata rana kunyar nan za ta tsaya tsakanina da sanin halin da jikinta yake ciki, ni da nake taƙama sana'ata ita ce rubuta manhajar da ke tattara bayanai.

A ƙarshen 2019 aka gano Inna tana da sankarar mama. Kafin maganar ta iso kunnena ta daɗe tana ɓoye ƙullutun a ƙarƙashin zane. A Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato aka yi mata aiki, aka cire maman hagu haɗe da kaluluwar hammata, aka yi mata kemo, daga baya aka yi mata gashi da na'ura. Shekara guda cur muna bin hanyar nan ta Tambuwal zuwa Sakkwato, kusan kilomita 100, ta Shagari da Boɗinga, har direbobin tasha suka san mu. A ƙarshen 2020 likita ya ce bai ga sauran ciwon ba. Ya rubuta mata ƙwayar tamoksifen, ɗaya kullum har shekara biyar, ya ce ta riƙa dawowa duk bayan wata uku.

A gida aka yi waina aka raba sadaka. Ni kuwa da na koma Abuja wurin aikina, lissafi na zauna yi. Wata uku kwana 90 ne. Rana ɗaya ce a ciki likita zai gan ta, sauran 89 tana Tambuwal. Kuma wanda ya tashi daga ciwon daji bai gama da shi ba. Hannun da aka cire wa kaluluwa yana iya tara ruwa ya kumbura ko bayan shekaru. Ita kanta tamoksifen, da take rage haɗarin dawowar ciwon, takan jawo daskarewar jini a ƙafa ko zubar jini daga mahaifa ga wasu matan. Ciwon ma in zai dawo ba ya yin sallama: yakan fara da ciwon baya da ya ƙi tafiya, ko tari, ko rama. Duk waɗannan abubuwa ne da mai jikin ke fara ji kafin kowa. Ni kuma duk ranar da na buga waya na ce, "Inna, ya jiki?" amsar guda ce: "Da sauƙi." Ranar da kemo ya kayar da ita har ba ta iya ɗaga kai, haka ta ce. Ranar da aka sallame ta ma haka ta ce.

Cikin wannan zullumin na ci karo da aikin wani likita, Ethan Basch, wanda aka wallafa a 2017. A asibitin Memorial Sloan Kettering da ke New York a Amurka, an raba marasa lafiya 766 masu karɓar kemo gida biyu. Rukuni ɗaya suna jira sai ranar ganin likita su faɗi abin da ke damunsu, kamar yadda aka saba. Ɗaya rukunin suna shigar da yadda suke ji ta intanet, a kan alamomi 12 irin su ciwo, amai, gudawa da sarƙewar numfashi, kuma da zarar abu ya tsananta sai saƙo ya tafi wurin ma'aikaciyar jinya. Rabin masu ba da rahoton sun haura wata 31 a raye, alhali a ɗaya rukunin wata 26 ne. Ba sabon magani aka ƙara musu ba, jin kukansu da wuri kawai aka yi. A Faransa ma wani likita, Fabrice Denis, ya gwada irin wannan a kan waɗanda suka gama jinyar sankarar huhu, suna amsa tambayoyi sau ɗaya a mako, tazarar ta zama wata 22 da rabi da kuma kusan wata 15. Na karanta na ce a raina, ai wannan aikin mako biyu ne a wurina.

Na fara da abin da ɗan birni zai fara da shi. Na sayi agogon zamani mai auna bugun zuciya da barci da yawan taku, na haɗa shi da babbar waya, na aika gida. Bai yi kwana goma ba. Inna tana cire shi sau biyar a rana don alwala, kuma ba kullum take tuna mayar da shi ba. Wuta ba kullum ba, shi kuma kusan kullum yana neman caji. Wata rana na ga allona ya nuna ta yi taku dubu goma sha huɗu, na yi ta murna, ashe ɗan ƙanena ne ya ɗaura shi ya tafi ƙwallo.

Sai na sauko. Inna tana karanta Alƙur'ani da ajami, ba ta karanta boko, amma ta san lambobi, kuma ƙaramar wayarta mai tocila ba ta rabuwa da ita. Na rubuta manhajar da za ta riƙa kiran wannan wayar kullum da hantsi. In ta ɗauka sai ta ji muryata da na naɗa, ina cewa ta danna lamba daga 1 zuwa 9 gwargwadon ciwon da take ji, sannan gajiya, sannan rashin cin abinci. Na yi tunanin na gano bakin zaren: abin da ba za ta iya faɗa wa ɗan fari da baki ba, ai za ta iya faɗa wa maɓalli. Amsoshin suna zuwa kai tsaye kan allona, kore in lafiya, rawaya in da damuwa, ja in da haɗari. Kwana arba'in a jere Inna tana danna 1, 1, 1. Allona kore shar. Har nuna wa abokan aikina na yi.

Da ƙaramar Sallah ta watan Mayun 2021 na je gida. Gwaggo ma ta zo daga Kebbe. Yayar mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa, amma da yake auren zumunci aka yi, tare suka tashi da Inna a gida ɗaya. Ina zaune bakin ƙofar ɗaki ta shigo. Ba ta ce ya jiki ba. Ta zauna bakin gado, ta kalli Inna sama da ƙasa, ta ce, "Ina awarwaron da ke hannun ga?"

Inna ta ce, "Na aje shi, Yaya."

"Kin aje shi, ko ya matse ki?"

Shiru.

Gwaggo ta nuna kujerar tsuguno da ke kan dardumar salla. "Wagga kuma hwa? Tun yaushe?"

"Tun tsakiyar azumi."

"Baya ko ƙahwa?"

"Baya."

Cikin minti biyu Gwaggo ta fito da abin da manhajata ta kasa samu a kwana arba'in. Hannun hagu ya fara kumbura. Ciwon baya ya hana Inna ruku'u mako biyu da wani abu. Na tashi na fita zaure jikina a sanyaye, domin na san abin da ciwon baya yake iya nufi ga wadda ta yi sankarar mama.

Bayan Sallah da kwana biyu muka tafi Sakkwato. Aka ɗauki hoto, aka yi gwaje-gwaje, Allah ya sa ba ciwon ba ne ya koma ƙashi, tsufan ƙashin baya ne. Hannun kuwa farkon taruwar ruwa ne, aka koya mata motsa shi da ɗaga shi kan matashi, aka ja mata kunne ta kiyaye shi daga yanka da ƙuna. A mota muna dawowa na kasa haƙuri, na ce wa Gwaggo ban gane abin da ya sa Inna ta riƙa danna 1 ba. Ta dube ni irin kallon da ake yi wa yaron da ya sa riga a baibai, ta ce, "Wa yag gaya maka ana tambayar mutum ya jiki don a ji gaskiya? Gaisuwa ta, ɗan nan. Kuma muryarka ta ji. Ɗiyar mutunci taka gaya ma ɗan hwari tana jin ciwo?"

A nan na gane kurakurai biyu. Na farko, na ɗauki "da sauƙi" a matsayin ƙarya, alhali ba ƙarya ba ce. Godiya ce ga Allah, kara ce ga mai tambaya, kuma addu'a ce. Wanda ya tambayi Bahaushe nawa ciwonsa yake tsakanin 1 da 9, ya tambaye shi ne nawa zai iya yin ƙorafi, shi kuwa an rene shi a kan kada ya yi. Na biyu, na ɗauka maɓalli ba shi da fuska, na manta muryata na sa a bayansa. Gwaggo ba ta tambayi abin da Inna take ji ba. Abin da take iya yi da wanda ta daina yi ta tambaya, wannan kuwa ba ƙorafi ba ne, labari ne kawai.

Kafin Gwaggo ta koma Kebbe na roƙe ta ta ara mini muryarta. Muka zauna da ita da Auta, ƙanwarmu da ke zaune da Inna, da kuma wata ma'aikaciyar jinya 'yar garinmu da ke aiki a Sakkwato, wadda muke kira Sista. Sista ce ta faɗi abubuwan da ya kamata a sa wa ido, Gwaggo ta mayar da su maganar tsakar gida, ni kuma na mayar da su lambobi. Tambayoyi biyar muka tsayar. Sallar asuba ta yau, tsaye ko zaune? Tuwon jiya da dare, an cinye, an ci rabi, ko an mayar? Kin ɗaura ɗankwali da kanki, ko sai da aka kama miki? Ciwo ko tari ya tashe ki daga barci? Kin ga jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura? A ƙarshe muryar takan ce, "Kin sha ƙwayarki?" Duk amsa 1 ce ko 2 ko 3. Na naɗe muryar Gwaggo a ɗakin Inna da ƙofa a rufe, har da ɗan tsakin da take yi kafin tambaya ta uku.

A makon farko lamba 2 ta fara bayyana a allona. Ban taɓa murnar ganin rawaya irin ta ranar ba.

Sista ta koya mini abu na gaba, wanda na karanta a binciken Basch amma idona ya tsallake shi. A can, duk saƙon gargaɗi wurin ma'aikaciyar jinya yake zuwa, kuma a kashi 77 cikin ɗari na saƙonnin sun ɗauki mataki: sun kira mara lafiya, ko sun canja magani, ko sun ce ya taho asibiti. Wato ba kwamfuta ce ta ƙara wa mutanen nan watanni ba, matan da ke ɗaga waya ne. Ni kuwa duk ja da rawayan da na ƙirƙira wurina suke zuwa, ni da ban san bambancin kumburin da zai jira gobe da wanda ba zai jira ba. Sista ta yarda saƙon ya riƙa zuwa wayarta, don Allah da zumunci, amma da sharaɗi. Ta ce, "Kada ka cika min waya. In kullum tana ƙara, wata rana zan daina dubawa, kuma ranar ce za a samu na gaskiya." Muka tsayar da cewa rawaya sai abu ya maimaitu kwana uku a jere. Ja kuwa abu uku ne, kuma ba sa kwana: jini, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo ko numfashi ya sarƙe, ko hannun hagu ya yi ja da zafi tare da zazzaɓin da ya kai 38. Na saya wa Auta ma'aunin zafin jiki. Ko a saƙon tes ɗin sai da na koyi wani abu: saƙo ɗaya yana ɗaukar harafi 160, amma da zarar ka sa ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya koma 70, ya rabu gida biyu ko uku, wani lokacin ƙarshen ya riga farkon isa. Dole na cire wa haruffanmu lanƙwasarsu don saƙon ya isa a dunƙule.

Wata huɗu abin yana tafiya daidai. Sai Satumban 2021 ta zo. A farkon watan an katse layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Kafin watan ya ƙare Gwamna Aminu Waziri Tambuwal ya sanar da cewa an katse su a ƙananan hukumomi 14 daga cikin 23 na jihar Sakkwato, har da Tambuwal. Ni a rediyo na ji. Na yi maza na buɗe allona, sai na gan shi kore. Na duba da kyau. Kwana biyu ke nan ba a ɗauki kiran ba, amma da yake lokacin da nake rubuta manhajar na ce in ba a samu amsa ba a bar ta jiya, sai ta ci gaba da gaya mini lafiya lau. Ni da hannuna na koya wa kwamfuta ta ce da sauƙi. A daren na gyara, na sa shiru ya zama launin toka mai ƙirga kwanaki. Amma gyaran bai dawo da sabis ba. Na zauna a Abuja ina kallon toka tana ƙirga uku, huɗu, biyar. Labarin gida sai ta bakin direban da ya fito Sakkwato ya kira ni, shi ma abin da aka ba shi ya kawo guda ne: sun ce a gaya maka kowa lafiya.

A rana ta tara wayata ta yi ƙara da lambar Auta. Ina ganin lambar na san ba daga Tambuwal take kira ba. Ta ce, "Yaya, kada ka tada hankalinka, muna Sakkwato, an ba Inna gado."

Abin da ya faru shi ne, Inna tana yanka kuɓewa wuƙa ta ɗan shafe ta a yatsan hagu, ƙaramin yanka da ba wanda ya kula da shi. Bayan kwana biyu ta tashi da rawar sanyi. Ƙarshen damina ne, kowane gida akwai mai zazzaɓin cizon sauro, don haka kowa ya ce a karɓo mata magani a kemis ta kwanta. Amma ashe tun ranar da wayar ta daina kira, Auta ta ɗauki littafin rubutu na makaranta, kullum da hantsi tana yi wa Inna tambayoyin nan biyar da bakinta tana rubuta lambobin. A bangon littafin ta kwafe abubuwa ukun nan na Sista da jan biro. Ranar Inna ta kasa ɗaura ɗankwali. Auta ta naɗe mata hannun riga, ta ga fatar ta yi ja tun daga wuyan hannu har gwiwar hannu, da zafi kamar an ɗora kan murhu. Ta auna, 38.6. Ba ta da hanyar kiran Sista, ba ta da hanyar kirana. Yarinya 'yar shekara 19 ta tsaya gaban manyan gida ta ce yau za a tafi, ba gobe ba, ta je tasha ta ɗauko shatar mota.

Likita ya ce ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta yankan suka bazu a fatar hannun, abin da yakan sami hannun da aka cire wa kaluluwa, kuma in aka bar shi yana iya shiga jini. Kwana biyar ana yi mata allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, aka sallame ta. Da na iso asibitin Auta ta miƙo mini littafin. Kwana tara, layi tara, ba ranar da ta tsallake. Manhajata ba ta aika ko saƙo ɗaya ba a ranar da aka fi bukatarta. Abin da zan iya cewa ta yi shi ne, wata huɗun da ta yi tana maimaita tambayoyi iri ɗaya kullum da hantsi ya sa mutanen gidan sun haddace inda ake dubawa.

Da sabis ya dawo na mayar da kiran kamar da, har ina shirin ƙara tambayoyi. Sai wata rana Inna ta je suna a maƙwabta. Wayar ta yi ƙara, wata yarinya ta ɗauka ta danna lasifika, muryar Gwaggo ta cika ɗaki tana tambaya ko an ga jini. Mata suka yi tsit. Da yawansu ba su san irin ciwon da ta yi ba, aiki kawai suka san an yi mata. Da na zo gida bayan nan, Inna ta sa aka kira ni ɗakinta, abin da ba ta saba ba. Ba ta dube ni ba. Ta ce, "Ciwon ga, anka ce ya tahi. Amma kullum da sahe sai ya bugo min waya."

Ban sami abin cewa ba. Shekara guda ina tattara bayanan jikinta, ina ajiye su a kwamfutar da ba ta taɓa gani ba, har ina nuna wa abokan aiki, ban taɓa tambayarta ko ta yarda ba. Na ɗauka da yake uwata ce kuma alheri nake nufi, ba sai na tambaya ba. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Najeriya a watan Yunin 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake ba kariya ta musamman, amma Inna ta riga dokar koya mini. Na ce ta yafe mini, na kuma tambaye ta yadda take so. Ta ce sau ɗaya a mako ya isa, ranar Asabar bayan asuba, lokacin tana ɗaki ita kaɗai. Na tuna ai masu binciken Faransa ma mako-mako suka yi. Sauran kwanakin kuma muka juya abin: in ta ji wani abu, ita za ta yi wa lambar filashin, manhajar ta kira ta nan take, ba tare da ta kashe ko sisi ba. Na goge sunanta daga ma'ajiyar, na bar lamba. Kuma muryar ba ta fara tambaya sai an danna wata lamba da ita da Auta kaɗai suka sani.

Abokan aikina sukan ce in mayar da abin kamfani. Alƙaluman hukumar binciken ciwon daji ta duniya na 2022 sun nuna kusan mutum dubu 128 ne ke kamuwa da ciwon daji a Najeriya a shekara, kusan dubu 80 kuma suna mutuwa, sankarar mama ce kan gaba. Bukata kam akwai. Kira ta waya ma ba abin raini ba ne: a babban gwajin da Basch ya sake yi a asibitoci 52 na Amurka da mutum 1,191, an ba mutane zaɓin intanet ko kiran waya mai danna lamba, da yawa kuma kiran suka zaɓa. Amma ya kamata a faɗi sauran labarin. A wannan gwajin masu ba da rahoto sun fi jin daɗin jikinsu, sun fi daɗewa suna iya hidimar kansu, sai dai ba a ga sun fi sauran tsawon rai ba. Tambayar da nake mayar wa abokaina kuwa ita ce, wa zai ɗaga wayar? Rubuta manhajar da za ta kira mace dubu a Tambuwal da Dogon Daji da Kuchi da Kebbe ba zai ɗauke ni wata guda ba. Amma Sista guda ce, kuma don zumunci take yi. Ranar da ka sa mace ta cire kunya ta danna 2, sannan ba wanda ya kira ta, ka yi mata abin da ya fi barinta da "da sauƙi" muni, domin ba za ta sake dannawa ba. Sai an sami ma'aikaciyar jinyar da aka ɗauka ana biyanta don wannan aikin kaɗai, da motar da za ta ɗauko mutum in an ce ja ne, kafin in yarda in kira uwar wani.

Abin da nake yi a yanzu ƙarami ne. In wani ya ce mini an sallamo nasa daga jinyar ciwon daji, nakan ce ya nemi littafin rubutu da ma'aunin zafin jiki. Ya tambayi likitan ko nas ɗin da suka yi jinyar abubuwan da ba sa kwana, domin kowane ciwo da kowane magani da nasa, ya rubuta su a bango. Ya nemo a cikin dangi wanda mai jikin ba ya jin nauyinsa. Su daina tambayar ya jiki in amsa suke nema, su tambayi salla, da tuwo, da barci. In akwai waya da sabis, a ɗora a kai.

Gwaggo ta rasu a Kebbe a daminar 2023, bayan gajeriyar rashin lafiya. Bayan sadakar arba'in na ga bai dace muryar mamaciya ta ci gaba da kiran Inna duk Asabar ba, na ce wa Auta ta shirya mu naɗi tata. Auta ta kai maganar ɗaki, ta dawo ta ce Inna ta ce a bar ta.

A ƙarshen 2025 Inna ta haɗiye ƙwayar tamoksifen ta ƙarshe. Yanzu sau ɗaya a shekara take zuwa Sakkwato. Hannun yana nan da ɗan nauyinsa, awarwaron ya koma dama. Kiran Asabar bai tsaya ba, na dai cire tambayar ƙwayar. Wani lokaci nakan ga ta yi filashin tsakiyar mako, gabana ya faɗi, in buɗe allo in tarar ta saurari tambayoyin har ƙarshe ta danna 1 a kowace. Na farko na kira Auta a rikice. Ta leƙa ɗakin ta dawo ta ce, "Lafiyarta lau, Yaya, tana zaune tana tsince wake. Muryar take son ji." Duk da haka na ce ta naɗe mata hannun riga ta duba.

Da yamma na kira Inna da kaina. Na ce, "Inna, ya jiki?" Ta ce, "Da sauƙi." Na ce Allah ya ƙara sauƙi, ta ce amin, ta miƙa wa Auta wayar.